Waye ya yi kiɗan finafinan barkwancin Rasha na da?

Ummi_Z:
Salam jama'a. Dan Allah masu sanin finafinan Rasha ku taimaka min. Jiya na kalli wani tsohon fim na barkwanci a YouTube, Kavkazskaya Plennitsa, ban ji komai a yaren ba amma waƙar nan da yarinyar take yi a kan beyar ta maƙale min a kai tun jiya wallahi, har a kicin ita nake ta yi. Waye ya yi kiɗan? Kuma yana da wasu?

Baban Sadiq:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Aleksandr Zatsepin kenan. An haife shi 1926 a Novosibirsk can Siberiya, babansa likitan tiyata ne. Fim ɗin da kika kalla na 1967 ne, darakta Leonid Gaidai, kuma muryar da kika ji ba ta jarumar bace, wata mawaƙiya ce Aida Vedishcheva ta rera aka ɗora.
Ni a Rasha na yi karatu, kuma abin da ya ban mamaki shi ne duk inda aka taru, biki ne ko sabuwar shekara, sai an yi waƙoƙin mutumin nan, tsoho da yaro kowa ya haddace, amma ka tambayi matasa waye ya yi kiɗan da yawa sai su yi shiru, sunan jaruman kawai suka sani. Abin yana min ciwo gaskiya.
Ki nemi Brilliantovaya Ruka na 1969, mutum sama da miliyan 76 suka shiga silima suka kalle shi, sai Ivan Vasilievich na 1973. Duk shi da Gaidai ne, baitocin kuma abokin aikinsa Leonid Derbenyov ke rubutawa har ya rasu a 1995.

Injiniya_Musty:
Yaya Baban Sadiq ka manta abu mafi daɗi a tarihinsa ai. Mutumin nan tun yana yaro mayen haɗa rediyo ne, makarantar injiniyoyin jirgin ƙasa ya fara shiga kafin soja, daga baya ne ya karanta kiɗa a birnin Alma-Ata can Kazakhstan ya gama 1956. To wannan hannun na gyaran waya shi ya sa da ya koma Mosko ya haɗa situdiyo a cikin gidansa da kansa, a zamanin da kusan duk wurin ɗaukar sauti na gwamnati ne sai ka bi layi. Shi kuwa yana gida yana ƙara wa tef gudu yana ragewa yana gwada sauti iri iri, shi ya sa kiɗansa yake da wani ɗanɗano daban. Ku saurari na katun ɗin nan Tayna Tretyey Planety na 1981 za ku gane nufina, sai ka rantse da kwamfuta aka yi.

Ummi_Z:
Ikon Allah! Na gode sosai. To wai gwamnatin Sobiyet bata takura masa ba?

Baban Sadiq:
Ta takura mana. A 1982 ya auri wata Bafaranshiya ya koma Faransa, shikenan aka juya masa baya a gida, waƙoƙinsa suka yi ƙaranci a rediyo da talabijin, sai 1986 ya dawo. Kafin nan ma ya sha wani ɓacin ran, mawaƙiyar nan Alla Pugacheva da ya yi wa waƙoƙi da dama tana tasowa, sun ɓata a kan fim ɗin 1978 da ta fito, saboda ta shigar da nata waƙoƙin da sunan wani Boris Gorbonos wanda babu shi ma a duniya. Shekaru suka yi basa aiki tare.
In kina son wadda ba ta ban dariya ba ki nemi Yest Tolko Mig daga fim ɗin Zemlya Sannikova na 1973. Ni dai duk cikin aikinsa ita na fi so.

Ummi_Z:
Yanzu na kunna ta Baba, wallahi tsigar jikina tashi ta yi. Bari in nemo na katun ɗin ma.