Farin kambin Fir'auna ya ƙi tsayuwa, a taimaka

Assalamu alaikum. Ina haɗa wa ɗalibaina kambin Fir'auna don wasan kwaikwayo, farin Hedjet na kudancin Masar a cikin jan Deshret na arewa. Jan ya zauna daram, farin ne ya gagare ni. Da kwali tsini yake yi kamar mazurari, alhali a hoton da aka sassaƙa a allon dutse na Narmer, wani sarkin tsohuwar Masar, cikin kambin a kumbure yake, kansa da ɗan dunƙule. Na gwada yadi da sitati, zufa na taɓa shi ya langaɓe. Na asali kuma ko a kabarin Fir'auna Tutankhamun ba a samu ba, masana fata ko saƙar ciyawa suke hasashe. Da me zan yi shi ya riƙe kumburin nan, bai yi wa yaro nauyi ba?