Neman shawara: kafa rumfar abinci a bukukuwan bazara na gundumar Cornwall

Maman Ilham, Redruth

Assalamu alaikum warahmatullah, 'yan'uwa. Shekara biyu ke nan da muka tare a garin Redruth da ke gundumar Cornwall, can ƙuryar kudu maso yammacin Ingila, inda maigidana yake aikin jinya. Duk wanda ya yi hunturu a nan ya san yadda garuruwan bakin teku suke yin tsit: yawancin shagunan da suka dogara da baƙi a rufe suke, kafin ƙarfe biyar duhu ya rufa, ga iska ba dare ba rana. Amma da zarar Maris ya kama, gonakin furen dafodil suka yi rawaya, sai a ga masu shaguna suna fenti suna wanke tagogi, allunan sanarwar bukukuwa kuma suna bayyana a kowace kwana. Wannan lokacin ne ake fassara mana da bazara, ko da yake babu abin da ya haɗa shi da zafin bazarar da muka sani a gida.

Ina yin masa, ƙosai, tsire da zoɓo, kuma maƙwabtana da suka ɗanɗana sun dame ni da cewa in fita da su kasuwa. Tambayata ita ce, waɗanne bukukuwa ake yi tsakanin Maris da Mayu da mutum zai iya kafa rumfa a cikinsu, kuma mene ne hukuma take buƙata kafin a fara? Ina so in fara da babban biki, inda jama'a suka fi yawa, domin in mayar da kuɗin kayan aiki da wuri. Allah ya saka da alheri.

Baban Sadik, Camborne

Wa alaikumus salam, Malama. Ni ba mai sayar da abinci ba ne, direban motar raba kaya ne, amma aikin ya sa na san ranar da kowane gari yake rufe hanyoyinsa. Ana buɗe kakar ne da ranar Waliyyi Piran, 5 ga Maris, ranar da za ki ga baƙar tuta mai farin gicciye a kowane lungu, har da garinku na Redruth. Daga nan sai hutun Ista, wanda shi ne ainihin lokacin da 'yan yawon buɗe ido suke fara kwararowa ta babbar hanyar A30, masu masaukai da gidajen shayi kuma suke ɗaukar ma'aikatan wucin gadi. A cikin bazarar kuma akan yi bikin abinci a tashar jiragen ruwa ta Porthleven.

Wanda na fi sani shi ne na garinmu, ranar Trevithick, a Asabar ɗin ƙarshe ta Afrilu. Ana yin ta ne don tunawa da Richard Trevithick, injiniyan nan ɗan yankin da ya hau tudun Camborne da keken tururinsa a jajibirin Kirsimeti na 1801, tun kafin duniya ta san jirgin ƙasa na fasinja. A ranar ana rufe tsakiyar gari, a fito da tsofaffin injunan tururi suna tafiya a jere suna huci, ƙasa tana rawa a ƙarƙashin ƙafar mutum, warin gawayi da man inji ya cika titi. Yara 'yan makaranta suna rawa da safe, manya kuma da rana, rumfuna a jere a gefen hanya. Ɗana bai yarda mu tafi gida ba sai da injin ƙarshe ya wuce. Idan akwai bikin da ya dace da ke, to wannan ne, domin Camborne da Redruth kamar unguwa ɗaya suke, kuma masu halarta galibi iyalai ne 'yan gari.

Sauran biyun da suka fi suna kuwa, shawarata ki je kallo, kada ki je ciniki. Ran 1 ga Mayu mutanen Padstow suke fito da dodanninsu guda biyu masu siffar doki, ɗaya na masu jan ƙyalle, ɗaya na masu shuɗi, ana bin su da ganguna a 'yan siraran tituna har dare. Ran 8 ga Mayu kuma Helston take yin bikin furanni, sai dai idan ranar ta faɗo Lahadi ko Litinin, sai a dawo da shi Asabar ɗin da ta gabata. Tun ƙarfe bakwai na safe ake fara rawa, daga baya yara su fito cikin fararen kaya, da tsakar rana kuma maza da dogayen huluna, mata da dogayen riguna, suna ratsa cikin gidaje da shaguna su fito ta ɗaya ƙofar. Waɗannan bukukuwan gado ne, kamar yadda hawan sallah yake ga mutanen birni, kuma wuraren kasa kaya kaɗan ne, masu su sun daɗe a kai. Idan za ki kai yara, ki je da safe, domin da yamma mashaya suke cika titi.

Hajiya 'Yar Zazzau, Falmouth

Ƙanwata, barka da wannan niyya, Allah ya sa albarka. Shekara huɗu ina wannan sana'ar, kuma zan saɓa wa Baban Sadik a wuri guda: ko ranar Trevithick ɗin ba na so ki fara da ita. Babban biki yana son wadda ta riga ta san ƙosai nawa kaskonta yake fitarwa a cikin minti goma, kuma masu shirya irin waɗannan tarukan tun cikin hunturu suke karɓar takardun neman wuri, suna tambayar inshora da shaidar tsafta da ba ki da su tukuna. Ki fara da kasuwar mako. Akwai kasuwar manoma a dandalin Lemon Quay na Truro ranakun Laraba da Asabar, akwai ƙananan kasuwanni a zaurukan ƙauyuka, inda kuskure ba ya cin jari.

Batun hukuma ba shi da wuya kamar yadda ake tsoratarwa. Doka ta ce ki yi rajistar sana'ar abinci da majalisar gunduma aƙalla kwana 28 kafin ki fara, kuma kyauta ne. Bayan haka jami'in duba tsafta zai zo ya ga kicin ɗinki, ko da na gida ne, ya ba ki maki daga 0 zuwa 5. Zai duba firij, wanda bai kamata ya wuce digiri 8 ba, ya tambayi yadda kike riƙe dafaffen abinci da zafinsa a kan digiri 63 ko sama, ya kuma nemi littafin da kike rubuta waɗannan abubuwa. Kwanonin soso da cokulan roba na yarwa an hana su a Ingila tun Oktoban 2023, saboda haka ki nemi na kwali da na katako. Idan cinikinki ya haura fam 1,000 a shekarar haraji, wadda take farawa ran 6 ga Afrilu, sai ki yi rajista da hukumar haraji.

Abin da nake so ki ɗauka da matuƙar muhimmanci shi ne gyaɗa. Mu mun tashi muna cin ƙuli-ƙuli ba tare da tunanin komai ba, amma a nan akwai mutanen da ɗan ɓurɓushinta yake iya toshe musu numfashi. Tana cikin abubuwa 14 da doka ta wajabta a sanar da mai saye, tare da riɗi, madara, ƙwai, alkama da waken suya. Yajin tsire kuwa ƙuli-ƙuli ne ginshiƙinsa. Tun Oktoban 2021, duk abin da kika ƙulle a mazubi kafin mai saye ya zo, har da kwalbar zoɓo, dole ya ɗauki takardar da ta lissafa abin da ke ciki. Ni dai na daina haɗa tsire da ƙosai a rumfa ɗaya, domin hannu ɗaya ne yake taɓa su, kuma ba zan iya rantsewa cewa yajin bai tsallaka ba. Ki karanta bayan kwalin dunƙulen miya ma, kada ki ɗauka babu komai a ciki.

Abin mamaki, ƙosai ne ya riƙe ni, ba nama ba. Mutanen nan suna alfahari da burodinsu mai cushen nama, dankali da albasa, ba za ki ƙwace musu shi ba, amma masu ƙaurace wa nama suna da yawa, musamman ɗaliban jami'a a nan Falmouth, kuma da sun ji wake ne zalla sai su dawo da abokansu. Naman halal kuma sai an yi odarsa daga nesa, ribar ta tafi a kuɗin mota.

Ranata ta farko a bakin teku ba zan manta da ita ba. Na kafa rumfa da 'yan turakun da aka sayar mini tare da ita, iska ta taso daga ruwa ta ɗaga ta ɗungurungum, ina riƙe da ƙafa ɗaya, wata tsohuwa mai sayar da zuma tana riƙe da ɗaya. Kafin in waiwayo, tsuntsun teku ya sauko ya sure masa daga faranti, kamar yadda shirwa take yi wa ɗan tsako.

Ɗalibi a Penryn

Hajiya ta gama magana, ƙari biyu kawai zan yi da izininta. Na farko, a duba sharuɗɗan biza kafin komai, domin mu masu bizar karatu an hana mu sana'ar kanmu gaba ɗaya, kuma sharuɗɗan iyalan ma'aikata daban suke da namu. Na biyu, kada a sa rai da kilishin da za a aiko daga gida, domin ba a yarda matafiyi ya shigo da nama daga Najeriya ko Nijar ba, ƙwacewa ake yi a filin jirgi. A tanadi na'urar karɓar kuɗi ta kati, saboda yawancinmu ba ma yawo da tsaba.

Maman Ilham, Redruth

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Gaskiya batun gyaɗa bai taɓa zuwa mini a rai ba, ga shi da man gyaɗa nake suyar ƙosan ma. Na cika takardar rajista jiya da daddare, kuma mun yanke shawara da maigida cewa bana kallo za mu je Camborne, in zagaya rumfunan abinci in ga yadda suke tsara layi da farashi. Hajiya, da wane mai kike suya, kuma me kike ɗaure rumfar da shi yanzu?

Hajiya 'Yar Zazzau, Falmouth

Da man furen rana nake suya, kuma na ware kasko da matsami waɗanda gyaɗa ba ta taɓa shiga cikinsu ba. Rumfa kuwa, buhun yashi nake ɗaura wa kowace ƙafa, idan kuma hasashen yanayi ya nuna iska mai ƙarfi ba na jiƙa wake tun daren. Asabar mai zuwa ki zo ki tsaya tare da ni tun daga kafa rumfa har kwashe kaya, ki taho da rigar ruwa da takalmi mai rufi.