Ƙungiyarmu ta gudu na son taimaka wa cibiyar matasa, ta ina za mu fara?

Mai_gudun_safe:
Salam jama'a, dan Allah shawara nake nema. Mu 14 ne muke fita gudu tare duk Asabar da sassafe, kilomita 5 zuwa 8 haka, kuma hanyarmu ta gaban wata cibiyar matasa take bi, inda yara ke zuwa in an tashi makaranta. Wlh duk sanda muka wuce sai abin ya tsaya min a rai, fenti duk ya koɗe, ciyawa ta cinye filin ƙwallon, ƙofar ɗakin karatun ma a ɓalle take. Wasunmu sun ce a yi karo-karo a sayi fenti a je a gyara rana ɗaya shikenan, wasu kuma sun ce a'a mu dinga fita gudu da yaran. Ni dai kaina ya kulle.

Tsohuwar_malama:
Ƙanina sannunku da niyya, amma kafin ku sayi ko gwangwani ɗaya ku je ku zauna da mai kula da wurin ku tambaye shi me ya fi damunsa. Na yi shekaru ina aiki a irin wurin nan, an sha kawo mana fenti alhali mu abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya shi ne babu babban da zai zauna da yara da yamma su yi aikin gida, mutum ɗaya da yara cike da ɗaki ya zai yi? Masu zuwan rana ɗaya su ɗau hoto su sa a Facebook ba ka ƙara jin ɗuriyarsu, kuma yaran nan suna lura fa, sai su dame ka da ina wancan kawun da ya ce zai dawo.

Koci_mai_usur:
Anti ta gama magana. Abin da kuke son yi akwai masu yinsa, a Ingila akwai wata ƙungiyar masu gudu mai suna GoodGym da aka fara a Landan, su tsarinsu a gudu a je wurin aikin, a yi shara ko dashe ko ɗaukar kaya, sannan a gudu a dawo, kun ga gudunku bai tashi ba. Maganar yara kuma dan Allah kar a ja su kilomita 8, ba sa'anninku ba ne. Junior parkrun ma, wato gudun yara da ake shiryawa a filayen shaƙatawa, kilomita 2 kacal ake yi wa 'yan shekara 4 zuwa 14. Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi yaro ɗan 5 zuwa 17 ya samu motsa jiki na minti 60 a rana, ba ta ce sai gudu ba, tsere na gajeren zango da 'yar bi-ni-in-bi-ka duk sun shiga, kuma shi suka fi so. A cikin filin za ku yi ba kan titi ba. Ku samu yardar iyaye a rubuce, ku tambaya ko akwai mai asma, a ajiye ruwa, kuma kar babba ɗaya ya keɓe da yaro, ko da yaushe manya biyu. Wannan kariya ce gare su da ku kanku.

Na_baya_a_layi:
Ni kam ban ga laifin fenti da yankan ciyawa ba, ai ƙarfi ne da ku, aikin da zai ɗauki mutum ɗaya sati ku awa biyu kun gama. Abu ɗaya kawai zan ce, mutum 14 ɗin nan zuwa sati na uku sun koma 5, mu ma haka ta faru da mu 😂 to ku yi alkawarin abin da mutum 5 za su iya.

Mai_gudun_safe:
Na gode ƙwarai. Anti kin yi gaskiya, jiya muka je, ashe fentin bai dami mai kula da wurin ba sam. Ciyawar ce matsalar, yara sun daina shiga filin saboda tsoron maciji, sai kuma ƙofar. Mun tsayar da Asabar ta farkon kowane wata, gudun yara sai an share filin tukuna. Yanzu injin yankan ciyawa muke nema aro, in ba a samu ba lauje za mu ɗauka.