Neman shawara: SQLite ya ƙi haɗuwa a kwamfutar shago, sunayen wasu masu bashi kuma ba sa shiga

Mai tambaya:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Dan Allah ina neman taimako, kwana uku kenan ina fama. Na rubuta wa kawuna ƙaramar manhaja da C++ ta rubuta basussuka a shagonsa na hatsi, sunan mutum, lambar waya, buhu nawa ya ɗauka, nawa ya biya. SQLite, wato ma'ajiyar bayanai, na yi amfani da shi don fayil ɗaya ne kawai ba sai na kafa saba ba. A laftof ɗina mai Ubuntu 22.04 komai na tafiya lafiya lau, amma da na kai kod ɗin tsohuwar kwamfutar shago mai Ubuntu 20.04 na haɗa shi a can, sai duk sanda zan saka sabon mutum ya ce near "RETURNING": syntax error. Wani ya ce in sauko da sqlite3.c daga shafinsu in haɗa da nawa, na yi g++ main.cpp sqlite3.c sai allo ya cika da invalid conversion from void* har ban ga farkonsa ba.

Bayan wannan kuma akwai matsaloli ko a laftof ɗin nawa. In na rubuta Sa'adu ko Mu'azu sai ya ƙi ajiyewa, lambobin waya sifilin farko na ɓacewa, in na nemi "ƙasimu" baya kawo Ƙasimu, wani lokacin kuma ya ce database is locked alhali ni kaɗai ne. Kawu ya fara cewa gara littafinsa, kuma wlh ina so abin nan ya yi masa amfani don littafin ya taɓa jiƙewa da damina aka rasa lissafin mutane da yawa.

Ɗan Sabon Gari:
Wa alaikassalam ƙanina. Bari mu fara da haɗawar. RETURNING bai shigo SQLite ba sai a 3.35.0, shekarar 2021. Ubuntu 20.04 da 3.31.1 yake zuwa, na laftof ɗinka 3.37.2 ne, shi ya sa can ya gane kalmar nan kuma bai san ta ba. Kod ɗinka ba shi da laifi a wannan. Shawarar da aka ba ka ta sauko da sqlite3.c daidai ce, inda ka kuskure shi ne g++ da ka ba shi. Fayil ɗin nan C ne zalla, shi kuma g++ kallon C++ yake masa, C++ kuwa baya yarda a mayar da void* wani abu ba tare da ka faɗa masa ba. Raba su ka yi:

gcc -c -O2 sqlite3.c -o sqlite3.o
g++ main.cpp sqlite3.o -lpthread -ldl -lm -o bashi

Na farkon zai ɗan ɗauki lokaci a tsohuwar kwamfuta don fayil ɗin ƙato ne, amma sau ɗaya za ka yi. Kada ka cire -lpthread da -ldl, a laftof ɗinka zai haɗu ko babu su saboda daga glibc 2.34 an zuba su cikin libc, amma 20.04 na kan 2.31, in ka bar su zai ce undefined reference to dlopen da pthread_create. Kuma ka tabbata sqlite3.h da ya zo tare da sqlite3.c kake kira, ka sa #include "sqlite3.h" da alamar zance, ka cire -lsqlite3 gaba ɗaya.

Malamar kwamfuta:
Ƙari kan abin da yaya ya faɗa, a farkon main ka buga SQLITE_VERSION da sqlite3_libversion() duka biyun. Na farko abin da heda, wato sqlite3.h, ta ce ne, na biyu abin da ke gudu da gaske. In ba su yi daidai ba to ka san ka haɗa heda sabuwa da laburare tsoho. Ɗalibaina da yawa nan suke maƙalewa.

Mai tambaya:
Alhamdulillah ya haɗu yaya, lambobin biyu sun fito iri ɗaya kuma RETURNING ya daina kuka. Allah ya saka. Saura su Sa'adu. Ga yadda nake sakawa:
sprintf(sql, "INSERT INTO mutane(suna, waya) VALUES('%s','%s') RETURNING id", suna, waya);
tebur ɗin kuma suna STRING, waya STRING na sa.

Malamar kwamfuta:
To ai ga su nan duka biyun a fili ƙanina. Duba abin da SQLite ke gani in ka zuba sunan: 'Sa'adu'. Alamar da ke bayan Sa ta rufe zancen, sai ya ga adu tsaye shi kaɗai bai san mene ne ba, na tabbata saƙon da kake gani near "adu": syntax error ne. Mu da sunayenmu ke cike da wannan alama, Sa'adatu, Mas'ud, Isma'il, Ja'afar, ba mu da halin rubuta SQL da sprintf ko kaɗan. Kuma wannan ƙofar ce dai ake bi a cusa umarni a goge wa mutum tebur. Ka sa VALUES(?1, ?2) ka yi sqlite3_prepare_v2, sannan sqlite3_bind_text a kowanne, ka ba shi SQLITE_TRANSIENT a ƙarshe don ya kwafi rubutun nasa, in ka sa SQLITE_STATIC kuma std::string ɗin ya mutu kafin step za ka ga shara a maimakon suna.

Maganar sifili ta fi ciwo don ita shiru take ɓarna. SQLite bai san wani nau'i mai suna STRING ba. Yana duba kalmar da ka rubuta ne, in akwai INT a ciki lamba ce, in akwai CHAR ko CLOB ko TEXT rubutu ne, in bai ga ko ɗaya daga cikin waɗanda ya sani ba sai ya ba ta NUMERIC. STRING nan ta faɗa. Don haka duk abin da ya yi kama da lamba sai ya mayar da shi lamba, 0803 ta koma 803, wanda ka rubuta da +234 ma alamar ƙarin ta tafi. Sunaye sun tsira ne kawai don ba su yi kama da lamba ba. Gwada SELECT waya, typeof(waya) FROM mutane ka gani da idonka. TEXT za ka sa, kuma tunda yanzu sabo kake amfani da shi ka ƙara STRICT a ƙarshen CREATE TABLE, tun 3.37.0 yake, da shi ka fara da tun ranar farko zai ƙi karɓar STRING.

Baban Hanifa:
ALTER TABLE baya canza nau'in kolum a SQLite, sai dai ka ƙirƙiri sabon tebur ka kwashe da INSERT INTO ... SELECT ka goge tsohon ka canza suna, duk a cikin BEGIN da COMMIT. Wajen kwashewa waɗanda typeof ɗinsu integer ne kuma tsawonsu 10 ka yi '0' || waya, masu 13 da suka fara da 234 ka yanke ukun farko ka sa sifili. Amma ka kwafi fayil ɗin a filash tukuna, amanar mutane ce a ciki.

Ɗan Sabon Gari:
Batun ƙ da Ƙ, LIKE da lower() da NOCASE duk haruffan ASCII kaɗai suke daidaita babba da ƙarami, A zuwa Z. Ƙ Ɗ Ɓ Ƴ ba sa ciki. Akwai ICU, laburaren da ya san haruffan harsuna daban-daban, da ake iya haɗawa amma ni ban ba ka shawara ba a kan shago ɗaya, laburare ne babba kuma wata sabuwar wahalar haɗawa ce. Ka ƙara kolum na biyu, suna_nema, kafin ka ajiye ka mayar da komai ƙananan baƙi, ƙ ta zama k, ɗ ta zama d, ɓ ta zama b, ka cire alamar Sa'adu, abin da aka rubuta a wurin nema ma ka bi da shi ta nan. Yaron shago da kibod ɗinsa ba ƙugiya zai buga kasimu ko saadu ya samu mutuminsa. Ka tuna a UTF-8 kowanne cikin haruffan nan masu ƙugiya bayit biyu ne, tolower ba zai yi maka ba, da hannu za ka musanya.

Baban Hanifa:
Kullewar kuma ina zargin SELECT ne da ka yi step sau ɗaya ka ɗauki layi ka wuce ba ka yi sqlite3_reset ko sqlite3_finalize ba. Muddin bai kai SQLITE_DONE ba yana riƙe da makullin karatu, wani da ya buɗe fayil ɗin daban ba zai iya kammala rubutu ba. Ko kuma ka bar DB Browser, manhajar duba fayil ɗin SQLite, a buɗe da gyaran da ba ka danna Write Changes ba. Ka sa sqlite3_busy_timeout(db, 5000) bayan buɗewa. In wani ya ce ka sa synchronous=OFF don sauri kada ka yarda, da yadda wuta ke ɗaukewa a kasuwa fayil ɗin zai iya lalacewa. In ka koma WAL, tsarin da SQLite ke fara rubuta sabbin canje-canje a wani fayil daban, to ka san akwai fayil mai -wal a gefe, kwafar .db kaɗai ana cikin aiki na iya barin sabbin basussuka a baya, ka rufe manhajar kafin ka kwafa ko ka yi VACUUM INTO.

Mai tambaya:
Ƴan uwa na dawo. Wurin duba ragowar bashi ne ban yi finalize ba, kuma na haɗu da DB Browser a buɗe kamar yadda Baba ya ce, na gyara kuma bai sake kullewa ba. Sa'adu da Mu'azu sun shiga, lambobin waya sun dawo da sifilinsu banda guda huɗu da aka rubuta da tazara a tsakiya, su dama ba su lalace ba. Ɗazu kawu da kansa ya buga kasimu ya ga buhu biyu na gero da ake bin sa, ya ce in bar kwamfutar a kunne gobe ranar kasuwa. Malama, yaya, Baba, Allah ya saka da alheri ya ƙara ilimi. Abu ɗaya ya rage, kuɗin a REAL (lamba mai ɗigo) na ajiye su, in bar su haka ko in mayar INTEGER (cikakkiyar lamba) tun yanzu da nake sake tebur ɗin?

Malamar kwamfuta:
Mayar da su INTEGER yanzu, a kwabo, ka ninka da 100 ka sa round() wajen kwashewa. Sai dai ka kula wajen rabawa, 5/2 a SQLite 2 zai ba ka, in kana son rabin sai ka rubuta 5/2.0.