Babi na Uku Ya Ƙi Ƙarewa

Ɗan Shafi:
Na zauna da niyya gaban kwamfuta,
Babi na uku nake son rubuta,
Saƙo ya shigo, na ce in karanta,
Jarumata tana bakin ƙofa inda na bar ta.

Uwar Tawada:
Ƙanena, daina zargin na'ura,
Da kanka ka buɗe, ba ta yi kira,
Wata biyu yarinya tana ta jira,
Ko kujera ba ka ba ta ba, bare ka gyara.

Ɗan Shafi:
Yaya, laifi tudu ne, sauko ƙasa,
Biyun dare na gan ki Facebook kina wasa,
Littafin da kika ce bana zai isa,
Sunansa kaɗai muka ji, ina sauransa?

Mai Kallo: Kai! Ɗan Shafi ya gama da ita. A kawo ruwa.

'Yar Alƙalami: Wane gamawa? Jira Yaya ta dawo, ku 'yan amshin shata.

Malam Aruli: Ku dakata. Ɗangon ƙarshe na baitin farko ya fi 'yan'uwansa tsawo da gaɓa huɗu. Uku na tafe, na huɗu na jan ƙafa.

Ɗan Shafi: Ranka ya daɗe, da gangan ne. Yarinyar ta daɗe a tsaye, shi ya sa ɗangon ya daɗe.

Malam Aruli: Karin waƙa bai san uzuri ba. Kuma kwamfuta da rubuta, amsa-amon arha ne.

Mai Kallo: Malam, shekara nawa kana auna na mutane? Kawo naka mu auna.

Uwar Tawada:
Na dawo. Wanda ya gan ni biyun dare,
Shi ma idonsa biyu, muna tare,
Ni bincike nake, labari zan tsare,
Kai kuwa YouTube ya haɗiye ka, an ƙare.

Ɗan Shafi:
Bincike! Sunan da lalaci ke so,
Shafi ashirin a buɗe, ba wanda ya taso.

'Yar Alƙalami: Ƙwar biyu kawai? Numfashi ya ƙare ke nan.

Malam Aruli: Tunda an ce in kawo. A 1830 Victor Hugo na Faransa ya kulle tufafinsa na fita don kada ya bar gida, har ya kammala littafin da ya fito a 1831.
Hugo ya kulle riga ya zauna,
Tawada da takarda kaɗai ya auna,
Ku kulle naku in kuna ƙauna.

Uwar Tawada:
Malam, shi yawonsa a waje yake,
Namu a cikin allon da muke rubutu yake,
Ka kulle riga, intanet a buɗe yake,
Kuma baitinka ƙafa uku gare shi, a gurgunce yake.

Malam Aruli: Ƙwar uku ce, Hajiya, tana cikin tsari. Ke kuma "yake" sau huɗu ba amsa-amo ba ne, maimaici ne.

Mai Kallo: Malam ya sha kashi, yana neman mafaka a nahawu.

Ɗan Shafi: Afuwan, kwana uku ban leƙo ba.
Na kashe data, waya na ɗaki na kusa,
Minti ashirin da biyar na yi ban motsa,
Jimla biyu na samu, na sa,
Jarumata ta yi sallama, an amsa.

Uwar Tawada: To, ka ba ta kujerar?

Ɗan Shafi: Sai babi na huɗu, Yaya.