Oda tana makara duk lokacin da kasuwa ta yi zafi, don Allah ku ba ni shawara

Mai Tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu ilimin saba (kwamfutar da tsari ke gudana a kanta) da kilawud (hayar irin waɗannan kwamfutoci ta intanet) ku taimaka min, kaina ya kulle. Ina aiki da wani ƙaramin kamfani da ke cinikin kuɗaɗen waje ta kwamfuta, ogan abokin kawuna ne, shi ya kira ni da kansa bayan na gama bautar ƙasa lokacin ba ni da komai, har laftof shi ya saya min, kuma kuɗin da ake juyawa ba nasa ba ne shi kaɗai akwai na mutane a ciki, shi ya sa abin yake hana ni barci. Ni na gina tsarin. Farashi yana shigowa ya faɗa Kafka, wato manhajar da ke jera saƙonni a layi, wani shiri da na rubuta da yaren kwamfuta na Python ya karanta ya yanke hukunci ya sake jefawa Kafka, sannan wani shirin ya ɗauka ya tura odar saye ko sayarwa ga dillali. A ranakun da kasuwa ke kwance komai lafiya lau, aikin yana ɗaukar milisakan 8 zuwa 10 (milisakan dubu ne sakan ɗaya). Amma ranar da Amurka ta fitar da rahoton ayyukan yi, wanda yawanci Juma'ar farkon wata ne kuma daidai lokacin muna masallaci, sai ya haura milisakan 200, kafin oda ta isa farashi ya wuce. Ina fitowa daga sallah na tarar da kiran oga jere a waya. Yanzu ya ce ko na gyara ko ya nemo wani. Me zan canza?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Ƙanina ka ba mu labarin kawu da laftof amma ba ka faɗi abu mafi muhimmanci ba. Ina sabarka take, ina injin dillalinku yake?

Mai Tambaya: Namu suna Frankfurt ranka ya daɗe, na raba su shiyya uku, wato cibiyoyin kilawud daban-daban, saboda tsaro. Dillalin yana Landan.

Injiniya: To ga matsalarka nan. Haske a cikin wayar faiba kilomita 200 yake ci a milisakan ɗaya, ba kuɗin da zai sa ya fi haka. Frankfurt zuwa Landan ya haura kilomita 600, zuwa da dawowa ka riga ka zubar da fiye da milisakan 6 tun ba a lissafa kwane-kwanen waya ba. Manyan 'yan canji ba banza suka tare a ginin sabobi na LD4 na kamfanin Equinix da ke Slough kusa da Landan ba, kamar yadda a kasuwannin hannun jarin Amurka injinan Nasdaq suke Carteret, na NYSE suke Mahwah. Ka kwashe kayanka ka koma Landan, shiyya ɗaya, ka nemi a jera maka sabobin kusa da juna. Sannan Kafka ba ta da gurbi a hanyar oda, an gina ta ne don ɗaukar kaya mai yawa da ajiya. Ka sa Aeron, manhajar aika saƙo ce mai sauri, a kan UDP take tafiya, wato hanyar aika saƙo da ba ta jiran amsa. Python ɗin ma ka ajiye, ka koma yaren Java ko C++. Shi ke nan.

'Yar Kaduna: Injiniya da girmamawa, nisan gari ba ya canzawa ranar Juma'a. In nisa ne ai kullum zai riƙa ganin jinkirin. Daga 10 zuwa 200 layi ne ya taru, saƙo yana shigowa fiye da yadda shirinsa ke iya cinyewa, sai ya zauna yana yanke hukunci kan farashin da ya riga ya mutu. Malam ka sa hatimin lokaci a kowace gaɓa ka ga inda saƙon ke tsayawa, kuma ka daina kallon matsakaici, ka dubi mafi munin kashi 1 cikin 100. Ka duba saitin Kafka na linger.ms da acks, in acks=all ne kowane saƙo sai ya jira sauran shiyyoyi sun amsa. In layi ya taru ka zubar da tsofaffin farashi ka ɗauki na ƙarshe kawai.

Mai Tambaya: Anti acks=all ne, kuma da gangan na sa. In aka yi gardama kan kuɗin mutane dole in nuna kowane saƙo da lokacinsa. Zubar da farashi kuma ba zai yiwu ba, lissafina yana buƙatar kowane motsi. Python kuma ita na iya sosai, sake rubutawa ba aikin sati ba ne.

Bakatsine: Wallahi irin ogannin nan ne matsalarmu. Ni ma na yi wa wani aiki, dare da rana, ranar da abu ya tsaya saboda bai biya kuɗin saba ba ni ya ɗora wa, har yau ragowar haƙƙina yana hannunsa. Ka tabbata kana da yarjejeniya a rubuce kafin ka sake taɓa komai.

Ɗan Sabon Gari: Ni dai kilawud gaba ɗaya ban yarda da shi ba a wannan harka, kana raba inji da mutanen da ba ka sani ba. Ku kama hayar wuri a LD4 ku sa ƙarfenku.

'Yar Kaduna: Ai Nasdaq ma ta mayar da kasuwarta ta MRX kan AWS, kilawud ɗin Amazon, a 2022, kasuwar CME ta Chicago kuma ta ƙulla yarjejeniyar shekara 10 da Google a 2021.

Injiniya: Hajiya ki ƙarasa labarin. Na Nasdaq ɗin Outposts ne, wato injinan AWS da ake kai wa mutum wurinsa, injinan a cikin gininsu na Carteret aka girke su. Kilawud ɗin ne ya je wurin kasuwa. Maganata kenan tun farko. Kai kuma ƙanina ba wanda ya ce ka jefar da Kafka, ka tura oda kai tsaye, kwafi ya bi ta Kafka daga baya don ajiya.

Mai Tambaya: To in shiyya ɗayan ta faɗi muna da ciniki a buɗe fa? Kamfanin dillanci na Knight Capital a 2012 kusan dala miliyan 440 suka rasa cikin minti 45, ni tsoron irin wannan ne ya sa na zaɓi tsaro a kan sauri.

Injiniya: Na Knight tsohon shiri ne da aka bari a saba ɗaya ya farka, ba ruwansa da shiyya. Abin da kake buƙata makunnin da zai tsayar da komai nan take.

Malamin Unguwa: Afuwan na shigo gefe, cinikin nan akwai kuɗin kwana da dillali ke cira in ciniki ya kwana a buɗe? A bincika hukuncinsa.

Mai Tambaya: Malam asusun da ba kuɗin kwana muke amfani da shi. Injiniya komawa Landan oga ba zai yarda ba, duk sauran kayan kamfani suna Frankfurt. Ba wata hanya da zan rage jinkirin ba tare da na taɓa Kafka da Python ba? In na ƙara girman saba fa?

'Yar Kaduna: Ka fara aunawa tukuna Malam. Ka sa hatimin lokacin?

Mai Tambaya: Ban samu zama ba Anti, kuma Juma'ar rahoton ta kusa. Akwai wanda ya taɓa gwada babbar saba ya ga canji?