"Karin launi": ta zauna ko a sake lale?

Jama'a, masu Hausa a baka, ku taya ni. Ina fassara wani darasin kimiyya sai na ci karo da abin da Bature ke kira geographic morph: ƙwaro jinsi ɗaya, amma launinsa na sauyawa daga wannan yanki zuwa wancan.

Misalin da ke gabana a kusa da mu yake. Kun san malam-buɗe-littafin nan mai ruwan goro da ke shawagi a kan tumfafiya? Tsutsarsa ganyen tumfafiyar take ci, dafin ya zauna a jikinta, shi ya sa tsuntsaye ba sa marmarinsa. Masana na ce masa Danaus chrysippus. Namu na Afirka ta Yamma fukafukansa na baya farare ne. Na Masar da Indiya na bayan ma ruwan goro ne. Na Somaliya da Habasha kuwa ba shi da baƙin nan mai ɗigon fari da ke bakin fukafukan gaba. A Kenya suna haɗuwa, su yi barbara, su haifi masu kamannin tsaka-tsaki.

Na fara da "iri", sai na ga hankalin mutum zai tafi kan irin shuka, ko Bunaji da Rahaji da makiyayi ya zaɓa da hannunsa. "Nau'i" ta yi faɗi da yawa. "Kala" kuma ba ta ce komai game da wuri ba.

Sai na tuna karin harshe. Basakkwace da Bakano Hausa ɗaya suke yi, suna jin juna, suna auratayya, amma da mutum ya buɗe baki ka san inda ya fito. Ba kuma katanga a tsakani, a hankali Sakkwatanci ke rikiɗewa har ka iso Katsinanci. Haka fukafukan nan suke. Shi ne na ce me zai hana "karin launi"? Sai mu ce karin launin Afirka ta Yamma, karin launin Somaliya.

Wani malamina ya ja kunnena cewa masu rubutu a waya ba sa sa lanƙwasa, za a karanta shi "ƙarin launi", a ɗauka an daɗa rini ne. Gaskiya ne, Malam, amma karin magana ma haka take fama, ba mu yar da ita ba.

Inda na fi shakka shi ne in bambancin na girman jiki ne ba launi ba. "Karin siffa" za mu ce?